Rabin Gaɓar da Kawu Ya Aike Ni

Ranar sadakar uku ta Kawu na zauna a tabarma ƙofar gidansa a Mayahi ina karɓar gaisuwa, raina a ɓace, kuma ba mutuwar ce kaɗai ta ɓata shi ba. Wanda Ya ba mu shi Shi Ya karɓi abinSa, mu ma can muka nufa, wannan ba abin ja ba ne. Abin da ya ishe ni yabon da ake yi masa. Duk wanda ya tuɓe takalmi ya zauna aka shafa fatiha, sai ka ji ya ce, "Allah Ya jiƙan mai haƙuri." Na farko ya faɗa na ce amin. Aka yi ta faɗa har hantsi ya ɗaga. Na waiga na dubi babban ɗan Kawu, taubashina, na ga ya sunkuyar da kai kafaɗunsa na rawa. Mutane suka ɗauka kuka yake, ni kuwa na san dariya yake dannewa.

Kawu mai haƙuri! Mutumin da ya taɓa bin wani mahauci da famfon keke tun daga rumfarsa har bakin kasuwa, don kawai ya zuba wa sarƙa man gyaɗa.

Mutum ɗaya ne ya faɗi gaskiya a wurin, wani tsoho mai tallan gishiri da kanwa a ƙauyuka. Ya zo da kekensa, ya jingine shi jikin katanga, ya durƙusa da kyar.

"Ni ban san haƙurinshi ba," ya ce. "Ya zage ni ya hi a ƙirga. Amma wanga keke da kuke gani, tun da ya taɓa shi bai taɓa barina bisa hanya ba."

Wani malami da ke gefe ya yi gyaran murya, alamar ba nan ne wurin irin wannan magana ba. Ni kuwa da zan iya da na tashi na rungume tsohon. A nan na ƙudurta zan rubuta Kawu yadda yake, don na ga alama kafin shekara ta zagayo za a goge shi tas, a bar mana wani salihin dattijo da ba mu taɓa sani ba. Akwai kuma abin da ya fi wannan damuna, gara in faɗe shi tun yanzu. A watanninsa na ƙarshe abu ɗaya Kawu ya sa a gaba: ya kai kansa wurin yayarsa, wato mahaifiyata, a kan keke, da ƙafafunsa. Bai kai ba, kuma da hannuna a ciki.

Gidan su Kawu gidan maƙera ne. Uwar maƙerar da yake aiki a kanta ta kakansu ce, wanda ya yi ƙirar fartanya da mashi tun Nasara bai shigo ƙasar nan ba. Kawu ne ya fara karkata daga fartanya zuwa keke, ya kafa rumfa kusa da kasuwa, ya shekara fiye da arba'in a cikinta. Faci yana yi, ɗaurin taya yana yi, amma abin da aka san shi da shi daga Attantane har Tasawa shi ne yi wa keke kaciya.

Haka yake kiran aikin, kuma haka kowa ya koma kiransa. Tsofaffin kekunan da ake kawowa daga waje suna zuwa da abin canza gudu, wanda muke ce wa bitas: faifai masu haƙora a jere a ƙafar baya, da wani ɗan hannu mai lanƙwasa da ke rataye yana ɗora sarƙa daga wannan zuwa wancan, ga wayoyi sun bi jikin keken. A kan kwalta abin daɗi ne. A rairayinmu kuwa sati biyu ya yi yawa, yashi ya shiga, hannun ya karkace, sarƙa ta yi ta zamewa. Mai keke talaka ne, ba shi da halin sayen sabo. Sai ya turo shi rumfar Kawu.

"Hanjinshi ya yi yawa," Kawu zai ce. "Aje shi a yi mishi kaciya."

Sai ya kwance hannun nan da wayoyinsa duka ya rataye a ƙusa, ya zaɓi faifai ɗaya tak, ya rage sarƙa ta zauna daram a kansa. Ba ya sa wa mutum sabon abu in tsoho na da sauran numfashi. Yana da gwangwanayen tumatir jere a bayansa, cike da gaɓoɓin tsofaffin sarƙoƙi da ya wanke da kananzir, kuma ya san abin da ke cikin kowane gwangwani ba tare da ya waiga ba. Ƙusa ɗaya da ya fiƙe da hannunsa, da ƙaramar guduma, da uwar maƙerar kakansa, su ne kayan yankan sarƙarsa.

Sai dai ba ya yanka sai ya ga ƙafarka. Wannan ne ke haɗa shi faɗa da mutane. Ka zo kana sauri, ya ce ka hau ka ratsa rairayin da ke bayan rumfar ka dawo, shi kuma ya tsuguna ya ƙura wa gwiwoyinka ido. In kai mai ɗaukar kaya ne ko shekaru sun fara kama ka, ya ba ka babban faifai mai sauƙin taka wa. In ka ce kai mai gudu kake so, ya ce ka je wani wuri. Wani ɗan kasuwa ya taɓa matsa masa a kan haka a gabana.

"Ni da kekena, ba ni da iko in zaɓa?"

"Keke naka ne," in ji Kawu, "amma rairayin ba naka ba ne. Hau in gani."

Akwai kuma wanda yake kira bebe. In abin da ke cikin faifan baya ya mutu, wanda ke barin ƙafa ta yi ta juyawa mai keke na hutawa ana jin ƙas-ƙas-ƙas, kuma mai shi ba shi da halin wani, sai Kawu ya cushe shi ya daddage, ya zama feda da ƙafar baya tafiyarsu ɗaya. Keken ya daina ƙara, ya daina hutu. Kana tafiya dole kana taka wa, in kana son tsayawa ka danne da cinya. Yakan ja kunnen mutum sau uku kafin ya miƙa masa. Ladanin unguwarsu ya ce ya ji, ya hau, ya gangaro kasuwa ya hangi surukinsa, ya tsai da ƙafa zai yi gaisuwa. Feda ta ɗaga shi sama ta ajiye a gaban masu tallan kuka. Kawu ya je da kansa ya kakkaɓe masa riga, yana kakkaɓa yana faɗa, ya kuma kwana biyu yana neman masa faifai mai rai a cikin tarkacensa har ya samu.

Ni Mushe yake kirana. Haka ake kiran malamin lakwal, wato makarantar boko, a wurinmu, amma Kawu yakan ja kalmar yadda kowa zai ji ɗaya ma'anar, ta dabbar da ta mutu ba yanka. Tun ranar da aka ba ni aji a Tasawa bai ƙara kirana da wani suna ba. Na ji haushin abin shekara da shekaru, yanzu kuma ba abin da nake so in ji kamarsa.

Mahaifiyata, Inna, ita ce babba a ɗakinsu, ita ta goye shi. Tana zaune a ƙauyenmu kusa da garin Sarkin Hausa, kuma idanunta sun rufe tun ina saurayi. Tun daga lokacin Kawu ya ɗaukar wa kansa al'ada: kowace Juma'a da sassafe ya rufe rumfa, ya ɗaura ɗan goro ko sabulu a bayan baƙin kekensa, ya tafi wurinta. Can yake sallar Juma'a, su wuni suna musu a kan wanda ya fi wani tuna abin da ubansu ya ce, bayan la'asar ya kamo hanya. Damina ba ta hana shi, azumi ba ya hana shi.

Gwiwoyinsa ne suka fara ba shi kunya, sannan baƙin keken ya tsage a wuya, tsagar da shi kansa ya ce ba ta ɗinkuwa. Taubashina yana da mashin, ya ce zai riƙa kai shi. Kawu ya ce a'a. Aka ce to kabu-kabu, ko amalanken maƙwabci da ke zuwa can duk mako. Ya ce a'a.

"In anka ɗauke ni anka kai," ya ce, "wa ya je gaida Yaya, ni ko mai mashin? Buhun hatsi ake kaiwa. Ni zuwa nike."

Mun yi lallashi, mun yi faɗa, matarsa ta yi kuka. Ko gezau. Wannan taurin kai nasa har gobe ina jin haushinsa, don da ya sassauta ko sau ɗaya da ba na zaune ina wannan rubutu da nauyi a ƙirji.

Sai na ga ni ne zan warware matsalar. Na je Maradi na samo masa keke na hannu, mai kyau, mara nauyi, da bitas ɗinsa cikakke. A lissafina na mai boko, ga faifai babba don rairayi, ga ƙarami don inda ƙasa ta yi tauri, tsoho ya zaɓi wanda gwiwarsa ke so. Na ɗoro shi a mota har Mayahi ina jin kaina. Kawu ya zagaya shi sau biyu, ya ɗaga shi da hannu ɗaya, ya ce, "Ba shi da nauyi." Daga bakinsa wannan babban yabo ne. Na roƙe shi abu ɗaya, kada ya taɓa bitas ɗin.

Don ya faranta mini, ashe, ya hau shi haka nan Juma'ar farko. Bai kai rabin hanya ba yashi ya yi aikinsa, hannun nan ya lanƙwashe ya shige cikin wayoyin taya. Tsoho mai ciwon gwiwa ya turo keke a ƙasa har gida cikin rana. Ban san wannan ba sai daga baya, don bai faɗa mini ba, ya kuma hana a faɗa mini. Abin da na gani kawai da na zo bayan sati biyu shi ne kyautata a kife a rumfa, ƙafafu sama, hanjinta na lilo a ƙusa.

Raina ya tashi. Ko gaisuwar kirki ban gama ba.

"Kawu, abu guda na roƙe ku."

"Zo ka gani, Mushe," ya ce, kamar bai ji ni ba. "Zo ka ga wulaƙancin da masu ƙera wanga abu sunka yi."

Ya nuna mini inda ƙafar baya ke zama. A tsofaffin kekuna wurin doguwar tsaga ce a kwance, kana iya ja da ƙafar baya ko ka turo ta gaba har sarƙa ta ɗame. A wannan kuwa ɗan gajeren baki ne, ƙafa ta shiga ta zauna wuri ɗaya, ba gaba ba baya. Ya ɗora sarƙa a babban faifai. Ta yi sako-sako, da an taka sai ta faɗo. Ya cire gaɓa ɗaya ya gwada, ta ƙi kaiwa.

"Ka gani? In na bari ta yi yawa, in na cire ta yi kaɗan. Rabin gaɓa nike so. Akwai shi, na taɓa ganin irinshi, gehe ɗaya mai hwaɗi, ɗayan siriri. Nan babu. In ka je Maradi ka tambaya, in ba su gane ba ka ce musu dami-mayo, ku masu boko haka kuke ce mishi."

Ni kuwa ba sarƙa ce a gabana ba, kyautata nake kallo da aka yi wa fiɗa.

"Kawu, kun tsufa," na ce. "Ku hau mashin kamar kowa mana. Wannan wahala ta mece ce?"

Bai yi faɗa ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Ya dube ni kawai, ya mai da kai kan sarƙar. Ya ce, "Rabin gaɓa. Kar ka manta."

Na je Maradi a ƙarshen wannan makon. A nan na yi wautar da har yanzu in na tuna nake jin kamar in mari kaina. Na tsaya gaban shagon kayan keke, sai na ji kunya. Ni, Mushe guda, da riga mai guga, in buɗe baki in ce a ba ni rabin gaɓa? Kuma in ɗauki rabin abu in kai wa kawuna a matsayin saƙo? A gidanmu ba a kai wa babba guntu. Sai na ce a ba ni sabuwar sarƙa sukutum, mafi kyau, a cikin kwalinta. Na kai masa ina jiran godiya.

Ya buɗe kwalin, ya zaro ta, ya bi ta da yatsa gaɓa bayan gaɓa har ƙarshe. Sannan ya wurga ta cikin kwandon tarkace.

"Na aike ka rabi ka kawo mini cikakka. Sabuwa da tsohuwa duk tsawon gaɓarsu ɗaya, ita ma ko ta yi yawa ko ta yi kaɗan. Lissahin da kake koya ma ɗiyan mutane ke nan?"

A gaban mutane ya faɗa, har da masu jiran faci, suka kwashe da dariya. Na juya na tafi tasha ko sallama ban yi ba.

Ga inda laifina yake, kuma ba zan yi masa kwalliya ba. Mako na gaba na koma Maradi don wani taron malamai. Na bi layin masu gyara ɗaya bayan ɗaya, wannan karon ina faɗin abin da aka aike ni. Wani dattijo ya zazzage gwangwaninsa a ƙasa ya tsinto mini shi. Ɗan abu ne da bai kai kan yatsa ba, gefe ɗaya faɗi, gefe ɗaya siriri, yadda Kawu ya kwatanta. Na naɗe shi a takarda na sa a aljihun jakata. Daga Tasawa zuwa Mayahi ba wata tafiya ba ce, ko a hannun direba na ba da ya isa ranar. Amma na ce sai ya neme ni. Shi ya kunyata ni a gaban jama'a, shi zai fara kira.

Kawu kuwa bai taɓa kiran kowa don ya ba da haƙuri ba, na kuma san haka sarai. Matarsa ce ta kira ni a salula.

"Kawunka na nan yana ta gugar ƙarhe," ta ce. "Ya ce tunda babu rabin, zai ƙara ma bakin da taya ke zama tsawo da magagari. In ya goga kaɗan sai ya zauna yana haki. Ba ka samo mishi abin ba?"

"Ina nan zuwa in an yi hutu," na ce. Ban ce na samu ba, ban ce ban samu ba.

Juma'a ta wuce, wata ta wuce, ta uku ta wuce. Ranar wata Talata zazzaɓi ya kwantar da shi, ranar Alhamis da hantsi taubashina ya kira ni. Da na iso har an yi masa wanka. Bayan an dawo daga maƙabarta na leƙa rumfar. Keken na nan a kife, magagari a ƙasa kusa da shi, garin ƙarfe ya yi fari a kan tabarma. Ya gama gefe ɗaya, ya fara ɗayan.

A kan amalanke aka kawo Inna, ita da ta shekara ba ta fita daga ƙauye ba. Ina ta kewaye-kewaye don kada mu keɓe, ina fakewa da baƙi. Ranar ukun nan, bayan mai gishiri ya tafi, aka aiko tana kirana. Na same ta a ɗakin matar Kawu, ta jingina da bango, carbi a hannu. Na durƙusa na yi mata gaisuwa. Ta laluba ta kama hannuna.

"Ɗan'uwana ya aiko mini da saƙo ta bakin mai amalanke," ta ce. "Ya ce in yi haƙuri da rashin ganinshi, ya aiki ɗana Maradi, da ya kawo saƙon yana nan tahe. Kowace Juma'a sai in sa a share ƙofar gida. Ashe ba a samu abin ba?"

Matar Kawu na zaune, wasu mata biyu na zaune. Da na ce ba a samu ba, ba mai ƙaryata ni a duniyar nan. Na buɗe jaka, na warware takardar, na sa mata shi a tafin hannu.

Ta juya shi da yatsu, ɗiyar maƙera ce, ta san ƙarfe. Ta shafa gefen mai faɗi, ta shafa siririn.

"Wanga ɗan abu?"

"Shi ne, Inna."

"Yaushe ka same shi?"

"Juma'a uku kafin ya kwanta."

Na jira ta yi faɗa, na jira ta yi kuka, ko ta ɗaga hannu ta mare ni, da na ji sauƙi. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta jawo bakin mayafinta, ta sa ɗan ƙarfen a ciki, ta ƙulle shi ƙulli biyu.

"Ni ko ina can ina ta zargin mutanen Maradi," ta ce. "Tashi ka koma waje, ana jiranka da gaisuwa."

Allah Ya gafarta wa Kawu, Ya yafe masa zafin bakinsa, Ya saka masa da kowace tafiya da ya sauƙaƙa wa talaka, Ya haskaka makwancinsa. Ni ma ina roƙon a sa ni a addu'a. Inna ba ta ƙara tayar da maganar ba har yau, kuma duk ranar da na je gaishe ta, ƙullin nan yana bakin mayafinta.